Motar Alhaji Inuwa a Gwanjon Amurka

Tun da na dawo daga Amurka ban samu na sha shayina da zafinsa ba. Da na zauna a majalisarmu ta Ƙofar Ruwa sai wani ya jawo benci ya matso, ya ce, "Malam Sabo, wai da gaske mota ka je gani? Duk motocin da ke Kano?" In na fara bayani sai wani ya iso a tsakiya, a ce in koma farko. Shi ya sa na zauna na rubuta, duk wanda ya zo daga baya a miƙa masa ya karanta.

Ga wanda bai san ni ba, sana'ata gyaran jikin mota, abin da ake cewa fanal bita. Na gaje ta ne wajen mahaifina, Malam Ado Maƙeri na Fagge, Allah Ya jiƙansa. 'Yata Bilkisu ma'aikaciyar jinya ce, tana zaune da mijinta Nura a wani gari da ake kira Lanham, a gefen birnin Washington. Sun daɗe suna roƙona in je. Har biza an yi mini, tana kwance a akwati, kullum ina cewa sai bayan salla.

Wata ranar Laraba Bilkisu ta turo mini hotuna biyu a waya. Na farko wata 'yar mota ce koriya, mai kujera biyu, ba rufi, hancinta dogo, sitiyarinta a dama. Na biyu rubutun ajami ne da aka karce da ƙusa a cikin ƙarfe: "Aikin Ado Maƙeri, Fagge." Ban gama kallo ba sai ga kiranta.

Ta ce, "Baba, kun ga sunan Kaka? Motar maƙwabciyata ce, Madam Gloria. Mijinta ne ya gyara ta, ya rasu bara, za ta kai ta gwanjo. Su sun ɗauka addu'a ce aka rubuta, shi ne ta kira ni in karanta mata. Baba, kun san motar?"

Na ce, "Na san ta. Ta Alhaji Inuwa mai fata ce."

"To masu gwanjon suna neman wanda ya san zamanta a Kano. Sun ce akwai shekarun da ba su da labarinsu."

Na ce mata zan zo. Ta yi ta murna, tana tsammanin alfahari ne ya taso ni. Abin da ban gaya mata ba shi ne na san dalilin da ya sa sunan nan yake wurin. Ni na buga motar, shekara kusan hamsin da suka wuce, kuma har Alhaji Inuwa ya koma ga Allah ban gaya masa ba. Da zan haɗa kaya, na ɗauko tsohuwar gudumar babana na naɗe ta a cikin rawani, na sa a ƙasan akwati.

Hanyar ba abin da zan ce da ita sai tsawo. Daga Kano zuwa Abuja, daga nan jirgi ya sauke mu a wata ƙasa muka yi zaman jira, sannan muka hau wani. Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. An kawo abinci a ɗan faranti mai rufi, na ci burodin na bar sauran, don ban gane shi ba.

A bakin shiga ƙasar ne na fara shan kunya. Jami'in ya buɗe akwatina, ya ciro ƙunshin kilishin da na sayo wa surukina, ya shinshina, ya girgiza kai. Nama ba ya shiga. Ina kallo aka jefa kilishi mafi kyau da na taɓa saya a kwandon shara, kuma laifina ne, don Bilkisu ta gargaɗe ni. Sai ya warware rawani, ga guduma. Ya dube ta, ya dube ni. Turancina na gareji ne, bai wuce sunayen kayan mota ba. Sai na ciro waya na nuna masa hoton motar, na kwatanta bugu da hannu. Mutumin nan da ya haɗe rai sai ga shi ya washe baki, ya kira abokin aikinsa su kalla tare. Ya mayar mini da guduma da hannu biyu. A nan na fara gane cewa mutanen nan, tsohuwar mota tana taɓa musu zuciya.

Bilkisu tana wurin aiki, don haka ta aiko wani direba ɗan Nijar, Bamaraɗe, Mahamadu, ya ɗauke ni. Da ya hango hulata sai ya taho da sauri ya durƙusa.

"Alhaji, kun zo lahiya? Ya gajiyar hanya?"

Na ji kamar a tashar Maraɗi nake. A hanya ya ba ni labarin yadda ya faɗi jarrabawar permi, wato lasin tuƙi, har sau biyu, alhali ya yi shekara goma yana jan babbar mota tsakanin Maraɗi da Agadas. Ya ce, "Nan in ka ga alamar tsayawa sai ka tsaya cak, ko ba kowa, ko kare babu. Ni kuwa sai in leƙa in wuce." Ya bi da ni ta Silver Spring, muka shiga wani shagon 'yan Afirka ya saya mini goro, ya hana ni ko taɓa aljihu.

Masaukina ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne. Da Nura ya ce in sauka ƙasa sai da na dube shi, don a wurinmu ba a sauke baƙo a rami. Ashe shi ne ɗaki mafi kyau a gidan, da banɗakinsa da darduma mai laushi. Sai dai warin sabon fenti ya dame ni, washegari da safe na kunna ɗan turaren wuta. Ban ankara ba wani abu mai jin hayaƙi a silin ya kama ihu kamar an yanka akuya, duk gidan ya ɗauka. Jikokina suka sauko a guje suna dariya. Ina yi musu Hausa suna ji sarai, amma amsa sai da Turanci. Daga ranar turare ya koma akwati.

Abinci dai Bilkisu ba ta bar ni na yi kewar gida ba, tuwon shinkafa da miyar kuka kamar a Fagge. Sau ɗaya Nura ya kawo ƙaguwa, wai ita ce abin alfaharin yankin. Aka shimfiɗa takarda a tebur, aka ba kowa 'yar gudumar katako. Na yi rabin awa ina fasa, abin da na samu bai cika cokali ba. Na ce masa wannan aikin ya fi ladansa yawa.

Abin da ya fi ba ni mamaki a unguwar shi ne shiru. Gidaje a jere, ciyawa a gyare, amma ba yaro a waje, ba mai talla, ba wanda zai tsaya ya tambaye ka ya iyali. Maƙwabci zai ɗaga maka hannu daga cikin mota, ƙofar garejinsa ta buɗe da kanta, ta haɗiye shi. Madam Gloria ce kaɗai ta bambanta. Baƙar fata ce, ta kai sa'ata, doguwa, gashinta fari fat. Ranar da na kwana biyu ta ƙwanƙwasa ƙofa da farantin waina irin tasu, ta ce in na huta mota tana jirana.

Garejin nan ya fi wasu ɗakunan asibitinmu tsabta. Kowane sifana yana rataye a wurinsa. Madam Gloria ta janye mayafin da aka lulluɓe motar da shi. Ita ce. Koren nan mai duhu, fitilun nan kamar idon kwaɗo, har ƙamshin fatar kujera. Na zagaya ta, da na zo fendar hagu, wato ƙarfen da ya rufe tayar gaba, sai na kasa ɗora hannu.

Madam Gloria ta ɗauko wani babban fayil, Bilkisu tana fassara mini. Mu a nan in za ka sayi mota, dillali ya ce maka wata Hajiya ce ta hau, ba ta zuwa ko'ina sai asibiti, shi ke nan tarihi ya ƙare. Su kuwa mota tana da fayil kamar ma'aikacin gwamnati. An ƙera ta a Ingila. Wani Bature injiniyan kamfanin man gyaɗa ya zo da ita Kano. Daga nan sai takarda ta yanke, ba a sake jin ta ba sai da wani Ba'amurke malamin makaranta ya sa ta a jirgin ruwa ya kawo ta gida. Ya hau ta 'yan shekaru, injin ya buga, ya tura ta rumbun ciyawa a wata gona a Virginia, kaji suka yi ta ƙwai a kujerunta. A nan mijin Madam Gloria, Mista Walter, ya same ta. Makanikin motocin bas ne. Shekara goma sha ɗaya yana gyaranta a ranakun hutu, ya kwance ta ƙusa-ƙusa, ita kuma matar ta ɗinke kujerun da hannunta. Ta nuna mini hotonsa ranar da injin ya fara tashi, ya ɗaga hannu sama, baki har kunne.

Ta ce ba ta son rabuwa da ita, amma gwiwoyinta ba sa iya taka kuloci, kuma za ta koma kusa da 'yarta a wani gari mai nisa. Walter ya bar wasiyya kada a bar motar ta sake zama a rufe.

Na cike musu abin da ya ɓace: yadda Baturen ya sayar wa Alhaji Inuwa da zai tafi, yadda Alhaji yake hawanta ranar Juma'a da babbar riga, iska tana kumbura ta kamar tanti, da yadda daga baya ya sayar wa malamin makarantar. Madam Gloria tana rubutawa tana dariya. Ranar ban faɗi sauran ba. Na koma ɗaki na kasa cin abinci.

Bayan kwana biyu mutumin gidan gwanjon ya zo, wani siriri mai tabarau da 'yar tocila. Ya karanta mana abin da za su buga a littafin gwanjo. Bilkisu ta fassara: motar ba ta taɓa haɗari ba, duk jikinta na asali ne. Ya ce wannan layin shi ne ke jawo manyan masu saye.

Na ce, "Bilkisu, ce masa ya dakata. Je ki ɗauko mini rawanin nan na ƙasan akwati."

Na warware guduma. A fuskarta akwai wata 'yar ɓalla kamar jinjirin wata. Na karɓi tocilar, na durƙusa na haska cikin fendar hagu, kusa da rubutun. Ga sawun jinjirin watan nan birjik a jikin ƙarfe. Mutumin ya dubi guduma, ya dubi ƙarfe, ya cire tabarau.

Na ce, "Fassara musu duka, kar ki rage komai. Wannan fendar ba ta Ingila ba ce. Rufin wata matacciyar a-kori-kura ce. Alhaji ya tafi aikin hajji ya bar mana motar a yi mata sabis. Ina saurayi lokacin, ina neman wata yarinya a Gwammaja. Na saci jiki na ɗauki motar, na bi ta ƙofar gidansu sau uku ina hon. A na ukun ina kallon zaure maimakon hanya, na rungumi kwalbati."

Bilkisu ta tsaya da fassara. "Baba, wace yarinya?"

"Uwarki."

"Ta fito ta gan ku?"

"Ba ta ma gida. Ta tafi Bichi biki."

Ta rufe baki da gyale, ta kasa ci gaba sai da ta yi ta maza. Na ƙarasa musu. Babana bai dake ni ba, bai ko ɗaga murya ba. Kwana tara muna bugun ƙarfen nan, shi yana bugu ina riƙe masa, yana auna shi da fendar dama da tafin hannu kawai. Da ya gama ya karce sunansa a ciki, ya ce duk wanda ya buɗe wata rana ya san wanda zai tambaya. Sannan ya ce, "Ni na gyara. Faɗa wa Alhaji kuma naka ne, tun da kai ka yi." Alhaji ya dawo, na je gaishe shi, bakina ya yi nauyi. Na ce gobe. Goben nan ce har aka sayar da mota, har Alhaji ya rasu, har babana ya bi shi.

Mutumin gwanjon ya yi magana a hankali, ya ce gaskiya wasu masu saye za su janye, kuma farashi zai sauka. Ya ce shawara tana hannun mai mota. Ni dai na sunkuyar da kai. Na haye teku na zo na rage wa gwauruwa abin da mijinta ya bar mata.

Madam Gloria ta daɗe tana kallon fendar. Sai ta matso ta shafa ta, ta yi magana. Bilkisu ta ce, "Baba, ta ce da Walter ya kankare fenti, ko'ina sai da ya yi ciko, ban da nan. Yakan kira abokansa ya ce su zo su ga yadda Turawan zamanin da suke aiki. Ta ce da yana raye da ya biya kuɗin jirgi ya je Fagge ya ga mutumin da ya yi wannan." Sannan Madam Gloria ta juya wajen mai tabarau ta ce ya goge layin nan, ya rubuta abin da ya faru, ya sa sunan Ado daidai yadda ake faɗinsa. Sau uku ya maimaita "Maƙeri" ina gyara masa, bai iya ba, muka haƙura.

Ranar Asabar kafin a zo ɗaukar motar, Madam Gloria ta miƙo mini makulli. Na ce a'a, sau ɗaya na tuƙa ta kuma an ga yadda aka ƙare. Ta yi dariya har da hawaye. Nura ne ya ja, ni ina gefe, muka zagaya unguwa sau biyu. Iska ta cire mini hula, wani maƙwabci da bai taɓa yi mini magana ba ya tsinto ta ya biyo mu da gudu. Ranar mutum biyar suka fito daga gidajensu.

An yi gwanjon a wata gonar dawakai a Virginia. Mahamadu ya kai mu, muka maƙale a cunkoson babbar hanya wajen Woodbridge har na fara tunanin ashe Kano ba ta da laifi. Wurin babbar rumfa ce fara, motoci a jere a kan ciyawa, tsofaffi da hulunan rana suna leƙa ƙarƙashinsu. Gwanjo a wurinmu kayan da aka gaji da su ne. Nan kuwa mutane sun ci ado kamar ɗaurin aure. Mai kiran farashi yana zuba magana kamar injin niƙa, ko Bilkisu ba ta kama rabi. Mahamadu ya raɗa mini cewa duk wanda ya ɗaga hannu ya saya. Na tura hannuwana cikin riga, ƙuda ya sauka a hancina na bar shi ya yi abin da ya ga dama. Sai can Bilkisu ta lura, ta ce ai sai mai riƙe da kati mai lamba. Mahamadu ya kawar da kai yana ƙunshe dariya.

Da aka turo tamu, mai kiran ya rage gudu ya karanta tarihinta. A cikin Turancin nan na tsinci "Kano", na tsinci "Ado", na tsinci "Fagge". Na ji mutane sun yi dariya, na san an zo wajen kwalbati. Sai Madam Gloria ta kama hannun rigata ta miƙar da ni tsaye, rumfa ta ɗauki tafi. Ban san inda zan sa fuskata ba. Babana bai taɓa wuce Zariya ba, ga sunansa ana kira a lasifika a bayan teku.

Mai tabarau bai yi ƙarya ba. Wasu da suka yi ta zagayen motar da safe ba su ɗaga kati ba, kuma ba ta kai abin da aka sa rai da farko ba. Mutum biyu ne suka yi ta ja, har ta faɗa hannun wata mata likitar haƙori. Na kalli Madam Gloria ina jin nauyi. Ta share ido, ta ce da Bilkisu, "Gaya wa babanki ya daina wannan fuskar. Matar nan hawa za ta yi, ba ajiyewa ba. Abin da Walter ya roƙa ke nan."

Likitar ta zo ta gaishe ni, ta ce ba za ta taɓa canja fendar ba, ta roƙi in karce sunana a ƙarƙashin na babana. Na ce ta yi haƙuri, a gidanmu wanda ya gyara ne yake sa suna. Gudumar dai na bar wa Madam Gloria, ta ce za ta rataye ta tare da sifanun mijinta a sabon gidanta.

Na ƙara sati biyu, aka kai ni na ga manyan gine-ginen Washington, na gan su, suna da kyau. Na dawo gida lafiya, na fi yadda na tafi sauƙin zuciya. Amma akwai sauran aiki ɗaya. Na yi tambaya har na samu babbar 'yar Alhaji Inuwa, Hajiya Rabi, tana nan da ranta a Gwauron Dutse. Na je da goro da turmin atamfa, muka gaisa, na nuna mata hotuna, na ba ta labari tun daga kwalbati har gwanjo. Na ce na zo neman gafara a madadin abin da na kasa gaya wa mahaifinta.

Ta riƙe wayar tana kallon motar. Sai na ga kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kuka take, ashe dariya ce.

Ta ce, "Malam Sabo, na yafe, kuma na san Baba ma da ya yafe. Ka ce ɓangaren hagu ka buga?"

Na ce, "Hagu, Hajiya."

"To baya fa? Ba su ce komai a kan but ɗin ba?"

Na ce ba su ce ba.

"Shekarar da Baba ya tafi Ikko jinya, na matsa wa direbanmu ya koya mini tuƙi a cikin gida. Na sa ribas na daki bishiyar darbejiya. Wani mutumin Sabon Gari ne ya canja murfin but ɗin gaba ɗaya. Har Baba ya rasu ban gaya masa ba."

Muka zauna muna kallon juna, tsofaffi biyu. Daga nan na karɓi wayata, na tambayi jikarta ƙarfe nawa ne yanzu a Amurka, don in san ko Bilkisu ta tashi. Fayil ɗin nan yana buƙatar ƙarin shafi.